Kaka Na Makara Ne Ko Sauri Take? Yadda Dazuzzukan Ƙasashen Sanyi Ke Shiga Hunturu

A watan Agustan 2022 jaridun Birtaniya sun cika da hotunan bishiyoyi da suka ƙone suka yi ruwan ƙasa suna ta zubar da ganye tun lokaci bai yi ba, har aka laƙaba wa abin suna kakar ƙarya. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 19 ga Yuli, zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin ƙasar. Toh a can Japan kuma, hukumar hasashen yanayi wadda tun 1953 take rubuta ranar da ganyen bishiyar mapul ke yin ja, cewa take kaka sai ƙara makara take yi, wajen kwana 3 a duk shekara 10. Mai bin labarai sai ya rasa na kamawa, wannan ya ce ɗumamar yanayi na sa ganye ya zube da wuri, wancan ya ce a'a jinkirta shi take, kuma kowa da masanan da yake jingina da su.

Duka biyun akwai gaskiya a ciki, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Wace kakar ake nufi

Maganar nan ta ƙasashen da suka yi nisa da tsakiyar duniya ce, Turai, Kanada, arewacin Amurka, Rasha, Koriya, Japan da arewacin Chaina. Kaka a wurinsu ita ce tsakanin wucewar zafi da kankamar sanyi, hunturunsu kuma ba na hazo da ƙura ba ne irin namu, na ƙanƙara ne, ruwa daskarewa yake har a cikin ƙasa.

Hanyoyi uku ake bi wajen cewa kaka ta shiga ko ta fita, kuma rabin ruɗanin daga nan yake. Masu ilimin taurari na farawa daga 22 ko 23 ga Satumba, ranar da dare da yini suke daidai, su rufe a 21 ko 22 ga Disamba, yinin da ya fi kowanne gajarta. Masu hasashen yanayi don sauƙin lissafi sai suka yanka daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Nuwamba. Waɗannan biyun ba sa motsi ko duniya za ta yi zafi kamar me. Ta ukun ita ce mai motsi, wato a bar bishiya ta faɗa da kanta. Hukumar yanayi ta Jamus ta raba shekara gida 10 bisa abin da tsirrai ke yi, a wurinta ƙarshen kaka na farawa ne ranar da ganyen bishiyar ok ya sauya launi, hunturu kuma ya shiga in ganyen ya zube. Da wannan ma'aunin, in an kwatanta 1961 zuwa 1990 da 1991 zuwa 2020, hunturun Jamus ya ragu da kusan sati uku, amma yawancin ragin ta gaba ya zo, wato tsirrai na saurin yin toho bayan sanyi, ita kakar ba ta gusa sosai ba. A kudancin duniya kuwa, irin su Patagoniya da Tasmaniya, duk wannan tsakanin Maris da Mayu yake faruwa.

Asalin abin shi ne karkatar duniya da digiri 23.4 yayin da take zagaya rana. A Landan yini na kai awa 16 da rabi a Yuni, ya dawo ƙasa da awa 8 a Disamba, shi ya sa 'yan uwa da ke can za su gaya maka ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar kuma sun matse juna. A Kano bambancin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, dan haka bishiyoyinmu ruwan sama suka fi bi, nasu kuwa hasken rana da sanyi.

Abin da ke faruwa a cikin ganyen

Dalilin zubar da ganye a can kusan ɗaya ne da dalilin da kuka ke tsayawa ba ganye da rani, wato ƙishirwa. In ƙasa ta daskare saiwa ba ta iya jan ruwa, shi kuma ganye mai faɗi kullum fitar da ruwa yake ta ƙananan ƙofofinsa, ga shi siriri ne ƙanƙara na fasa shi, ga nauyin dusar ƙanƙara in ta taru a kai tana karya rassa. Riƙe shi ya zama asara kenan.

Amma bishiya ba ta yar da ganye haka nan. Sinadarin naitirojin da fosfaras da ke ciki da wahala ta samo su daga ƙasa, sai ta fara kwashe su tana mayarwa cikin reshe da gangar jiki da saiwa, kamar yadda manomi ke kwashe hatsi ya kai rumbu ya bar kara a gona. A ƙiyasi rabi ko fiye da rabin naitirojin ɗin ganye take ƙwatowa kafin ta sake shi. Ana cikin wannan kwasar ne kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore yana haɗa abinci da hasken rana, yake rushewa. Da ya tafi sai launin rawaya da ruwan lemo su bayyana, su dama tun farko suna nan kore ne ya rufe su, dangin karotinoyid ne, irin wanda ke cikin karas da manja.

A gindin ƙaramin sandan da ya riƙe ganye da reshe kuma wani layi na musamman ke samuwa. Sinadarin oksin da ganye mai lafiya ke aikawa sai ya ragu, etilin ya ƙaru, ƙwayoyin wurin su saki juna, ta ɓangaren reshe kuma bishiyar ta toshe wurin da wani abu mai kama da ɓawo dan kada ruwa ya fita ko cuta ta shiga. Daga nan iska kaɗan ko ruwan sama na dare ɗaya ya isa. Shi ya sa zaka ga daji jiya jajir, yau an wayi gari rabinsa na ƙasa.

Ba kowace bishiya ke bin wannan ba. Bishiyar fayin da danginta masu ganye kamar allura suna riƙe nasu duk hunturu sabida ganyen ƙarami ne mai kakin da ke hana ruwa fita, duk da cewa a cikin dangin akwai lac wadda ita tana yin rawaya ta zubar. Ƙananan ok da bich kuma sukan riƙe busasshen ganye har sai sabon toho ya ture shi, wasu masana na ganin hakan na kare tohon daga barewa, wasu na cewa saura ne kawai na tarihin bishiyar.

Bayan ganye ya tafi aiki bai ƙare ba. Tohon baɗi tun lokacin zafi aka ƙulla shi, yana nan a naɗe a bakin reshe, sai ya shiga wani irin barci wanda ko an samu kwanaki masu ɗumi a Disamba ba zai farka ba har sai ya tara adadin sanyin da yake buƙata. Ƙwayoyin jikin bishiyar suna tara sukari, suna tura ruwa waje dan in ƙanƙara za ta samu ta samu a tsakaninsu ba a cikinsu ba. Wasu itatuwan na riƙe ruwan cikinsu ba tare da ya daskare ba har zuwa wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Wannan taurin a hankali ake samunsa cikin makonni na sanyi mai ƙaruwa, reshen da zai jure tsananin Janairu in sanyi kaɗan ya same shi ba shiri a Satumba mutuwa zai yi.

Gardama a kan jan launi

Rawaya ba ta da wuyar bayani, ja ne ya raba kan masana. Antosayanin, wanda shi ne dai ke ba zoɓo launinsa, ba ya cikin ganyen tun farko, sabo bishiyar ke ƙera shi da sukari a daidai lokacin da take shirin yar da ganyen. Me zai sa a kashe wa abin da za a zubar dukiya?

Ɓangare ɗaya na cewa laima ce. Lokacin da kulorofil ke rushewa ganye ba shi da kariya, rana mai ƙarfi da safiya mai sanyi na iya lalata shi kafin a gama kwashe naitirojin, jan launin sai ya tare hasken. Hujjarsu ita ce ɓangaren bishiyar da ke fuskantar rana ya fi yin ja, kuma shekarar da aka samu yini mai haske da dare mai sanyi ba tare da ƙanƙara ba ita ce launi ya fi fitowa. Ɗaya ɓangaren, wanda Marco Archetti da marigayi William Hamilton suka kawo a wajen 2000 da 2001, cewa suke saƙo ne ga ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye da ke neman inda za su yi ƙwai da kaka, bishiyar na nuna masu tana da ƙarfi da guba su nemi wata. Masu suka sun ce idon waɗannan ƙwari ba ya ganin ja yadda mutum ke gani, kuma a gwaji rawaya ce ma ta fi jan su, magoya baya suka amsa cewa ai hakan na nufin ja na ɓoye bishiyar ne, wanda shi ma amfani ne. Hujjar laima ta fi samun gwaje-gwajen da suka mara mata baya, amma ɗayar ba ta faɗi ba, kuma babu abin da ya hana duka biyun yin aiki tare.

Akwai kuma tambayar me ya sa gabashin Amurka da gabashin Asiya suka fi ja, Turai ta fi rawaya. Simcha Lev-Yadun da Jarmo Holopainen a 2009 sun danganta shi da zamanin ƙanƙara, wato lokacin da ƙanƙara ta rufe wani babban ɓangare na arewacin duniya, suka ce duwatsun Turai kamar Alps a kwance suke gabas zuwa yamma sai suka tare wa itatuwa hanyar gudu kudu, masu jan ganye da yawa suka ƙare tare da ƙwarinsu. Susanne Renner da Constantin Zohner a 2019 suka ce hasken rana ne ya fi ƙarfi da kaka a gabashin Amurka ga saurin sauyin sanyi, dan haka laimar ta fi amfani a can.

Agogo biyu da suka fara saɓawa

Nan ne zuciyar ruɗanin. Bishiya na duba abu biyu kafin ta fara rufe harka, tsawon yini da kuma sanyi. Tsawon yini bai canza ba, 10 ga Oktoban bana daidai take da ta shekara dubu da ta wuce. Sanyin ne ke makara. Wasu bishiyoyin, irin su aspen na arewacin Suwidin, kusan yini kawai suke bi, kusan rana ɗaya suke farawa duk shekara. Wasu kuma sanyi suka fi saurara, kamar mapul ɗin Japan, su ne ke ta ja da baya. Ko fitilar titi na rikita lissafin, a birane ana ganin reshen da ke kusa da fitila ya riƙe kore bayan sauran sun zube.

Tsohon hasashe shi ne tunda kaka na ƙara ɗumi, zubar ganye a Turai zai makara da sati biyu zuwa uku kafin ƙarshen wannan ƙarni, bishiyoyi su ƙara shan iskar kabon, abin da zai ɗan rage matsalar ɗumamar yanayi. A 2020 Deborah Zani da abokan aikinta a jami'ar ETH ta Zurich suka fitar da bincike a mujallar Science da ya juya maganar, sun duba bayanan bishiyoyi iri 6 a tsakiyar Turai daga 1948 zuwa 2015, suka ce shekarar da bishiya ta haɗa abinci da yawa tun da wuri takan rufe da wuri, kamar akwai iyakar abin da za ta iya adanawa, dan haka maimakon jinkiri ma zubar ganyen na iya matsowa da kwana 3 zuwa 6.

Ba kowa ya yarda ba. Richard Norby na cibiyar Oak Ridge a Tennessee ya ce su sun shafe shekaru fiye da goma suna busa wa wani daji ƙarin iskar kabon, bishiyoyin sun ƙara haɗa abinci amma ba su zubar da ganye da wuri ba. Xinchen Lu da Trevor Keenan na Berkeley a 2022 suka sake lissafin da wasu bayanai suka ce ba su ga alamar ba. Sai a 2023 Zohner, wanda yana cikin masu binciken Zurich ɗin, da tawagarsa suka dawo da bayanin da ya ɗan sasanta, wai ranar 21 ga Yuni ko kusa da ita, lokacin yini mafi tsawo, ita ce mararraba. Ɗumin da aka samu kafin ta na sa a fara tsufan ganye da wuri, wajen kwana 2 a kan kowane digiri, ɗumin da ya zo bayanta kuma na jan aikin ya daɗe, wajen kwana 2 da rabi. Kenan kaka na iya farawa da wuri kuma ta ƙare a makare a shekara ɗaya a daji ɗaya, wanda ya auna farkon sauyin launi zai ce ta yi sauri, wanda ya auna ranar da ganye ya gama zuba zai ce ta makara.

Ita kuwa kakar ƙarya ta 2022 ba ta ma cikin wannan lissafin. Fari ne, bishiya ta ga ruwa ya ƙare ta saki ganye da gaggawa dan ta tsira, sau da yawa ba tare da ta gama kwashe sinadaranta ba. Ana ganewa daga ganyen, daga kore yake tafiya kai tsaye zuwa ruwan ƙasa, ya ƙanƙance ya bushe tun daga gefe, wani ma kore yake faɗowa. Babbar bishiya za ta jure shekara ɗaya, amma in abin ya maimaitu ƙarfinta na raguwa, abin da ya faru kenan a Jamus da Jamhuriyar Cek bayan farin 2018 inda ƙwaro mai cin ƙarƙashin ɓawo ya gama da dazuzzukan bishiyar sifurus masu yawan gaske.

Ko da ganye ya daɗe ma ba lallai ribar ta tabbata ba. Ma'aunin iskar kabon da ake ɗauka a Mauna Loa ta Hawaii tun 1958 na sauka duk shekara daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba lokacin da dazuzzukan arewa ke da ganye, sannan ya hau in sun zube sun fara ruɓa. Binciken Shilong Piao na 2008 ya nuna kaka mai ɗumi ta fi ƙara ruɓewa da numfashin ƙasa a kan haɗa abinci, sabida rana ta riga ta yi rauni a lokacin.

Ƙasan daji da dabbobi

Dusar ƙanƙara rufi ce ga ƙasa. In ta yi kauri, ƙarƙashinta na tsayawa kusa da digiri sifili ko da sama ana tsananin sanyi, a nan ɓeraye ke haƙa hanyoyi, saiwoyi da ƙananan halittu ke fakewa. A dajin gwaji na Hubbard Brook a New Hampshire masu bincike sun riƙa kwashe dusar da shebur daga wasu filaye a farkon hunturu dan su ga abin da zai faru in ta makara, sai ƙasar ta daskare da zurfi, ƙananan saiwoyin mapul mai sukari suka lalace, girman bishiyoyin ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari. Wato duniya na ɗumi amma ƙasan daji na ƙara sanyi. A kudu maso gabashin Alaska irin wannan ne ke kashe bishiyar da ake kira sidar rawaya.

Dabbobi su ma kowa da agogon da yake bi. Baƙin beyar, wata babbar dabbar daji, na cin abinci ba ji ba gani da kaka kafin ya shiga rami, inda bugun zuciyarsa ke sauka daga wajen 55 a minti zuwa ƙasa da 15. Wani kwaɗon daji na Kanada da Alaska daskarewa yake ƙyam a ƙarƙashin ganye, zuciyar ta tsaya, ya narke ya ci gaba da rayuwa in sanyi ya wuce. Kurege da tsuntsun je na binne 'ya'yan ok dubbai, waɗanda suka manta su ne dajin gobe. Wanda abin ya fi bugawa shi ne zomon da ke sauya gashi daga ruwan ƙasa zuwa fari, shi tsawon yini yake bi, dan haka yana yin fari fat a kan lokaci ko dusar ta zo ko ba ta zo ba. Scott Mills da ɗalibansa a Montana sun bi su da na'ura suka ga farin zomo a kan baƙar ƙasa na saurin faɗawa bakin mafarauta.

Kaska kuma ta samu yadda take so. Mus, babbar dabbar nan dangin barewa, kaskar hunturu na hawa jikinta ne da kaka har sai dusa ta rufe ciyawa, in dusar ta makara lokacin hawan ya ƙaru. A New Hampshire da yammacin Maine tsakanin 2014 da 2016 kashi 70 cikin ɗari na 'yan maruƙan da aka sa wa na'ura sun mutu, a jikin kowanne an ƙiyasta kaska wajen 47,000.

Su wa ke lura, kuma ta yaya

Bayanan kaka ba su kai na lokacin toho yawa ba, kuma wannan na cikin dalilan gardamar. Robert Marsham na Norfolk a Ingila ya fara rubuta ranakun toho da fure tun 1736, zuriyarsa suka ci gaba fiye da shekara 200, amma hankalinsu na kan farkon shekara. Fitowar fure abu ne na rana ɗaya kowa zai yarda, shi kuwa sauyin launi a hankali yake, mutum biyu za su tsaya gaban bishiya ɗaya wannan ya ce rabi ya yi ja wancan ya ce da saura. Har wata tawagar jami'ar Boston a 2015 ta kira kaka lokacin da bincike ya yi wa riƙon sakainar kashi.

A Japan kowace tashar yanayi na da bishiyarta guda da ma'aikaci ke zuwa ya duba da ido, ko da yake a 2021 hukumar ta rage aikin zuwa tsirrai iri 6 ta daina bin tsuntsaye da ƙwari, abin da ya jawo ƙorafi. A dajin Harvard da ke Massachusetts John O'Keefe ya fara zagaya bishiyoyi iri ɗaya da littafinsa tun 1990. Yanzu akwai kyamarori a kan hasumiya da ke ɗaukar hoto sau da yawa a yini suna auna yawan kore, ga tauraron ɗan adam, ga 'yan sa kai kamar na shirin ƙungiyar kare dazuzzuka ta Woodland Trust a Birtaniya. Kowanne da inda yake gaza, tauraron ɗan adam na ganin faɗin ƙasa amma gajimare na rufe shi kuma ba ya bambance bishiya da ciyawar ƙasanta, mai duba da ido kuma ya san bishiyarsa sarai amma guda nawa zai iya bi.

Inda abin ke taɓa mutane

A jihohin Vermont, New Hampshire da Maine kallon ganye sana'a ce ta biliyoyin daloli, otal da gidajen abinci da direbobin bas na dogara da makonni biyu ko uku na Oktoba, mutane na biyan kuɗin ɗaki tun watanni kafin lokaci. In launin ya gusa ko ya fito a dushe sabida dare ba ya sanyi, ƙananan 'yan kasuwa ne ke kwana ciki. Haka yake a Kyoto, inda kallon jan ganye ke ta matsawa zuwa ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba.

Ganye mai makara na da haɗarinsa. A ƙarshen Oktoban 2011 dusa mai nauyi ta sauka a arewa maso gabashin Amurka bishiyoyi na ɗauke da ganye, rassa suka kakkarye a kan wayoyi, gidaje da shaguna fiye da miliyan 3 suka rasa wuta, a Connecticut wasu sun haura sati a duhu. A Birtaniya ganyen da ya zuba a kan layin dogo in ƙafar jirgi ta niƙe shi da ruwa yana zama wani baƙin santsi da ke hana birki kamawa, shi ya sa ake sauya jadawalin jirage duk kaka, kuma shi aka samu a cikin musabbabin karon jirage biyu a Salisbury ranar 31 ga Oktoban 2021. Masu sare katako a Finlan da Kanada na buƙatar ƙasa ta daskare kafin manyan motoci su shiga daji mai laka, lokacin nan kuma na gajarta. A yammacin Amurka jinkirin ruwan kaka na barin daji a bushe har lokacin iska mai ƙarfi, gobarar da ta cinye garin Paradise a Kalifoniya ta kashe mutum 85 a watan Nuwamban 2018 ta tashi.

Tsuntsayen da ke sauka a Sahel

Wani ɓangare na kakar Turai a wurinmu yake ƙarewa. Tun daga Agusta zuwa Oktoba ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari na barin dazuzzuka da gonakin Turai su ƙetare Bahar Rum da Sahara, wasu nauyinsu bai kai giram 20 ba, su yi hunturu a Nijar, arewacin Najeriya, Chadi da Sudan, wasu su zarce kudu. Agwagin ruwa da masu bin gaɓa na sauka a fadamun Hadeja da Nguru da tafkin Chadi, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos kuma na sa wa wasu zobe tana bin tafiyarsu. An fara gane ƙarfin wannan alaƙar ne a 1969, lokacin da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Birtaniya a shekara ɗaya, aka bi diddigi aka tarar farin da ya fara a Sahel a 1968 ne sanadi.

Leo Zwarts da abokan aikinsa 'yan Holan da suka ƙirga tsuntsaye bishiya bishiya a faɗin Sahel sun gano baƙin ba kowane ice suke sauka a kai ba, masu ƙaya suka fi so, kuma gawo na sahun gaba. Dalilin kuwa duk manomi ya sani, gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi sabo ya yi fure bayan ɗaukewar ruwa, daidai lokacin da tsuntsayen ke isowa a gajiye suna neman ƙwari. Gawon da aka sassare wa rassa sosai dan ciyar da dabbobi ba ya ɗaukar tsuntsaye kamar wanda aka bari, a ɗaya ɓangaren kuma manoman Zinder da Maraɗi da suka riƙa kyale tsiron itatuwa a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 sun dawo da bishiyoyi a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, kuma a yankin Zinder gawo ne ya fi yawa a ciki.